Gasar masu gyara: sharaɗin farko, a baje zane a faifai

Daga Gidan Rumji har Gazawa, bisa babbar hanyar kwalta da ta ratsa Maraɗi da Agye, da wuya a shiga kasuwa a rasa rumfar mai gyara: ɗan tebur, da ƙarfen liƙi, da dalma, da tulin matattun rediyoyi da salula da cocila. Akasarinsu ba su taka ƙofar lise ba, amma su ne riƙe da hasken ƙauyuka. An ga amfaninsu a watan Agusta na 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin abin da ake nufi, tun da a garinsu ne layin da ya taso daga Katsina ke sauka kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram.

A wasu ƙasashe, irin waɗannan masu hannu gasa ake shirya musu. A 2014 aka fara wadda ake kira Hackaday Prize a Amurka, inda ba a karɓar aikin mutum sai ya bayyana yadda ya yi shi. A nan kusa ma, a Lome, a 2013, Afate Gnikou na ɗakin ƙere-ƙeren WoeLab ya haɗa na'ura mai buga abubuwa masu jiki daga ɓaraguzan kwamfuta. Cikin ayyukan da masu wannan sha'awa ke gwada ƙwanji a kansu har da wani ƙarami da za a iya kira linzamin leza. Shi ne ya dace da gundumomin nan uku, kuma ga dalili.

Leza haske ne siriri mai tafiya tsaye, wanda Theodore Maiman ya fara kunnawa a 1960. Yau ƙwayarsa, da ba ta kai girman wake ba, tana cikin kowace na'urar DVD da ma'aunin da magina ke daidaita gini da shi. Halinta na ɗanyen doki ne. In aka haɗa ta kai tsaye da batir sai ta ja wuta, ta yi zafi, zafin ya sa ta ƙara ja, kafin ƙiftawar ido ta mutu. Dole sai an sa mata linzami, wato ɗan haɗin da ke tsayar da yawan wutar da ke shiga, ko batir ya cika ko ya yi rauni. Mafi sauƙinsa sananne ne: abin da ake kira LM317 yana riƙe bolt 1,25 tsakanin ƙafafunsa biyu, saboda haka rezistans mai om 62 zai ba da kusan miliyampa 20, mai om 10 kuma ya ba da 125. Lissafi ne na raba, wanda ɗan firamare ke yi. Gwanintar tana wajen hana ɓarnar batir, da tare tsallen wuta a lokacin kunnawa, da jure zafin Afrilu mai wuce digiri 40.

Mai karatu ɗan kasuwa zai ce ina ruwan Agye da leza? Ruwanta shi ne, cutar da ke kashe ƙwayar leza ita ce ke kashe ƙwayoyin fitilun zamani da ake sarowa katan-katan, su yi ƴan makonni su dusashe, mai saye ya dawo da ƙorafi bakin shago. Yaron da ya iya sa wa leza linzami ya iya sa wa fitilar ɗakin haihuwa, da ta makarantar dare, da ta mai shayi.

Amma gasar ba za ta tsinana kome ba in an bar babban sharaɗinta. Duk wanda ya shiga, ya ba da zanen haɗinsa, da sunan kowane ƙarfe, da kuɗinsa, da kasuwar da ake samunsa, a kwafe a liƙa a cibiyoyin koyon sana'a, wanda ya so ya kwaikwaya, ya gyara, ya sayar, muddin ya ambaci mai aikin na asali. A nan ne za a sha gardama. Al'adar rumfa ita ce maigida ya juya baya in ya zo wurin da asirin yake, yaro ya shekara biyar yana sharar tebur. Ba za a ga laifin maigidan duka ba, abincinsa yake karewa. Sai dai a tambaye shi me ɓoyon ya kare. Takardar mallakar ƙirƙira ta hukumar OAPI da ke Yawunde tana ba da kariya ta shekara 20, amma kuɗinta da takardunta sun fi ƙarfin mai rumfa, kuma maƙwabcinsa na iya kwance haɗin da sukundireba ya gane shi cikin yini guda. Abin da ɓoyo ke hanawa kawai shi ne a san sunan mai shi. Randa ya kwanta dama kuwa, ilimin ya bi shi.

Ƙasar Agye ba ta bukatar a je Turai a nemo mata misali. Dabarar barin tsiron kututture a gona ana yi masa sassabe har ya zama itace, wadda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jahar Maraɗi a 1983, ba wanda ya kulle ta a akwati. Manoman Ɗan Saga sun karɓa, sun ƙara nasu, sun kafa kwamitocin tsaro, baƙi na zuwa kallo suna komawa da ita. Masu bincike sun ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Ba a ji manomin da ya talauce don maƙwabcinsa ya koya ba.

Alƙalai ba su yi nisa ba: malaman lise teknik na Ɗan Kasawa da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna Maraɗi. Kuɗin kuwa ya kamata ya fito daga alhazan da ke sayar da batir da faifan hasken rana, don su ne farkon masu cin riba. Abin tsoro ɗaya ne, kuma ma'aikata sun san shi sarai: kada abin ya rikiɗe taron bita, kuɗi su ƙare a kujeru da jawabai da na zaman mahalarta, gwani ya koma gida da takardar yabo. Kyauta ta kasance ma'aunin wuta mai kyau, da ƙarfen liƙi, da faifan rana. A karɓi bayani da Hausa, da boko ko da ajami, wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki a rubuta masa. A sa iyaka ga kuɗin kayan, ƴan jikkuna kaɗan, don kada ɗan mai hali ya sayi nasara.

Saura maganar ido, wadda ba ta ɗaukar sassauci. Lezar da ba ta wuce miliwat 1 ba, ƙiftawa kan kare mutum daga gare ta. Wadda ake cirowa daga na'urar buga faifan DVD tana iya haura miliwat 100, tana ƙona bayan ido kafin fatar ta rufe, ko da daga madubi ko kwano hasken ya dawo, kuma tabon ba ya gogewa. Saboda haka a hana ta shiga filin gasa sam. Alƙali ba ya ma bukatar leza don ya auna linzami: ya jera diyod 1N4007 guda uku ko huɗu da rezistans mai om 1 a madadinta, ya ɗora ma'auni, ya bar haɗin a rana daga hantsi zuwa azahar, ya duba ko lambar ta motsa.