Ɗigon foliyo ya shiga kowane gida, me ya hana wannan?

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake.

Jiya da safe a Ƙofar Kabuga na tsaya tare wa ƙanwata adaidaita sahu. Ɗanta shekararsa 6, har yau goya shi take yi. Shawara ce ta kama shi satin haihuwarsa, aka tsaya jiƙe-jiƙe, kafin a je asibiti ta taɓa ƙwaƙwalwa. Masu adaidaita uku suka wuce mu da suka ga kekensa. Ta juyo ta ce, "Yaya, wallahi na gaji, daga wannan na daina zuwa." Ban iya ce mata komai ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, babban canjin da muka gani a yaron nan a tsakar gida aka same shi. Wata ma'aikaciya ce, irin waɗanda aikinsu koya wa yaro harkokin yau da kullum, ta zo mana sau biyu da kuɗinmu. Ta naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri, ta sa kafinta ya yi masa kujera mai tare baya da gefe, ta nuna wa uwarsa yadda za ta zaunar da shi kada ya ƙware. Yanzu da kansa yake kai tuwo baki. Aikinsu daban yake da na masu gashi: mai gashi yana gyara motsin gaɓa, su kuma suna koyar da ci, sa riga, shiga banɗaki, riƙe fensir.

To ina irin waɗannan ma'aikata suke? Ƙwararrun kula da irin yaran nan sai ka je manyan asibitoci kamar na Malam Aminu Kano ko na Ƙashi da ke Dala. Idan mu da muke Kabuga mun gaji, yaya uwar da take Doguwa ko Tudun Wada? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da ita a gida.

Na san za a ce babu kuɗi. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san abin da ake so a yi ba ya rasa gurbi a kasafi. Jihar nan mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 ta bi gida-gida, lungu-lungu, da masu unguwanni da dagatai, har aka kori shan inna. Rabon Kano da nau'inta na asali tun 2014 a Sumaila, a 2020 kuma aka tabbatar Najeriya ta rabu da wannan nau'in. Hanyar tana nan, matan da suka yi aikin suna nan. Me zai hana a horar da su, a ajiye ƙwararre ko da ɗaya a kowace ƙaramar hukuma yana zagaya asibitocin sha-ka-tafi da gidaje?

Doka ma akwai. Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019. A 2024 Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Madalla. Amma yaron da bai iya zama ba, bai iya riƙe fensir ba, wane aji zai shiga? Makarantar Tudun Maliki za ta ɗauke su duka ne?

Mu ma da namu laifin. Mu ne masu cewa ɗan ruwa ne, ko shafar aljanu ce, mu kulle yaro a ɗaki in an yi baƙi. Ƙaddara gaskiya ce, amma neman magani ma umarni ne. Shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don Allah duk wanda ɗan majalisar jiharsa ke ganin wannan shafi, ya tura masa. Tambaya ɗaya muke da ita: a kasafin baɗi, nawa aka ware wa yaran nan?

Ƙanwata dai na lallashe ta, sati mai zuwa ni zan kai su. Allah Ya ba iyayen yaran nan lada.