Gyaran da ke Sauya Kamannin Kayan Nok

A 1943 aka tono wani kan mutum-mutumi na yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, yankin da Gidan Waya take. Har a gona aka kafa shi yana korar tsuntsaye, kafin masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya gane ɗan'uwan kayan Nok ne.

Masanan Jami'ar Goethe ta Jamus, da suka soma tonon kayan Nok a 2005, galibi gutsattsari suka samu. Amma a kasuwannin Turai akan ga mutum-mutumi sumul, an liƙa kan wannan a jikin wancan, an cike gurbi da sabon yumɓu. Dillalai na kiran wannan gyara, alhali ƙirƙira ce. Ya kamata gidajen tarihi su riƙa rubuta wa mai kallo wane sashe ne aka ƙara, kuma yaushe.