Wane Kiɗa Ya Dace da Mai Wasan Fimbol?

Fimbol wasa ne da ake yi da ƙaramar ƙwallon ƙarfe a kan faifai mai gangara, wanda aka rufe da gilashi. Ɗan wasa yana da fikafikai biyu a ƙasan faifan, da su yake bugun ƙwallon don kada ta faɗa rami. A shekarar 1947 ne kamfanin Gottlieb na Amurka ya fara sa waɗannan fikafikai. Injin kansa bai yaɗu a ƙasar Hausa ba, amma waɗanda suka koyi kwamfuta a zamanin Windows XP sun san shi, kuma a yau yana cikin wayoyin samari a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Abin lura shi ne, da yawansu sukan kashe sautin wasan, su toshe kunnuwa da waƙa. Wannan ɗabi'a tana buƙatar gyara, musamman da yake ita ce ɗalibi yake ɗauka ya kai teburin karatu.

Babu mai musun cewa kiɗa yana taimakon aiki, kuma mutanen wannan yanki ba sa buƙatar Bature ya faɗa musu. Gidan su Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, ya kuma rasu a 1991, da kiɗan noma ya fara suna kafin kiɗan fada. Idan aka yi gayya, makaɗi yana biye da manoma, hauya tana sauka daidai da bugun ganga. Dalilin a fili yake. Noma aiki ne na maimaitawa, jiki kuma yana son daidaita motsinsa da bugu mai tsari, sai gajiya ta yi sauƙi. Haka mata masu lugude a bakin turmi.

To, amma fimbol ba noma ba ne. Ƙwallon ba ta san ganga ba. Takan yi jinkiri a sama, sannan ta gangaro kamar kibiya, kuma dole yatsa ya bi lokacinta, ba lokacin makaɗi ba. Wanda kiɗa mai sauri ya ɗebe shi yakan danna kafin ƙwallon ta iso. Bugu da ƙari, ƙarar injin ba ado ba ce kurum, labari take bayarwa: ga abin da ƙwallon ta bugo, ga abin da ya buɗe, ga lokacin da ya rage. Tun daga injin Gorgar na 1979 ma waɗannan injuna suka fara magana. Gwaje-gwaje sun daɗe da nuna cewa mutum ya fi saurin amsa sauti a kan abin da ya gani, da kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na sakan. Wanda ya kashe sautin ya zubar da wannan riba da hannunsa.

Matsala mafi girma tana cikin kalmomi. A 1989 masana biyu, Salamé da Baddeley, sun ba mutane jerin lambobi su riƙe a ka alhali ana sa musu kiɗa. Waƙa mai murya ta fi kiɗa zalla rikita su. Bayanin shi ne, mutum yana riƙe lamba ko jimla ta hanyar maimaita ta a zuci, magana daga waje kuwa tana kutsawa cikin wannan maimaitawa ko da bai yi niyyar saurare ba. A fimbol asarar ƙwallo ɗaya ce. A wasan dara, inda ake lissafin taku uku gaba, ta fi haka. A daren jarrabawar lissafi kuwa, makin ɗalibi ne ke tafiya.

Nan ne waƙoƙin da yankin yake alfahari da su suka zama mafi rashin dacewa, kuma ba don kasawarsu ba. Waƙar Ɗanƙwairo ko ta Sa'idu Faru cike take da kirari da zambo da habaici, jagora ya ajiye, 'yan amshi su karɓa su ƙara. An gina ta ne don ta kama hankali ɗungurungum, kuma tana kamawa. Sa ta a bayan wasa ragin daraja ne ga waƙar, cikas ne ga wasan. A jira a tashi tukuna, a saurare ta kamar yadda ake yi a ƙofar fada.

Wani zai ce shi kam da waƙa ya fi cin maki. Yana yiwuwa, domin kiɗan da mutum ke so yana kore kasala, yana kuma rufe hayaniyar babura da janareta. Idan haka ne, ya zaɓi kiɗa marar murya, wanda ya saba da shi har ba ya ba shi mamaki, mai matsakaicin sauri, ya rage shi ƙasa da sautin wasan. Ya kuma gwada da kansa: wasa goma da waƙa, goma da kiɗa zalla, goma da sautin injin kaɗai, a cakuɗe, ya rubuta maki ya fitar da matsakaici. Malamin kimiyya yana iya yin irin wannan a aji da jerin lambobi a allo.

Saura batun ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai jure ba tare da lahani ba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, na yara kuwa desibel 75. Waya da abin sawa a kunne suna iya haura 100, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa.