Mushen Jirgi Ma Malami Ne

Jama'a, ni dai a ganina asarar da ta fi ciwo a fagen yaƙi ita ce makaminka ya faɗa hannun abokin gaba, ko da ya zama tarkace. Ku tuna da Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da Jamus ke aika manyan jiragen balan-balan da ake kira Zeppelin suna ruwan bama-bamai a Ingila cikin dare. A watan Satumba na 1916, ɗaya daga cikinsu mai lamba L33 ya sha harbi a sararin Landan, ya lallaɓa ya sauka a wani ƙauye cikin yankin Essex. Matuƙansa suka cinna masa wuta don kada asiri ya tonu, amma wutar ta lashe rigar kawai, ƙashin ƙarfen ya tsaya kamar mushen giwa. 'Yan kallo suka yi cincirindo, injiniyoyin Birtaniya kuwa suka zo da abin awo, suka bi shi gaɓa-gaɓa. Daga wannan karatu suka ƙera nasu jiragen R33 da R34, har R34 ya ƙetare Tekun Atlantika ya dawo a 1919. Faɗuwar wani tashin wani ke nan. Haka Iran ta yi da jirgin Amurka marar matuƙi da ta kama a 2011. Don haka duk janar ɗin da ya tura sabon makami sama, ya sani ya aika wa maƙiyinsa littafin karatu kyauta.