Kada Mu Binne Baiwar Yaranmu

A 1971 Arthur Ashe na Amurka ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga tanis a Yawunde, ya sa aka kai shi Faransa horo. Yaron nan, Yannick Noah, shi ya ci wa Faransa gasar Roland Garros a 1983.

'Yan'uwa, Allah bai tsallake Funtua da Malumfashi wajen rabon baiwa ba. Amma yaranmu daga makaranta sai gonar auduga, wasa kuwa mu ce shashanci ne. Ikilisiyoyinmu suna da filaye. In an gama girbi mu share su, malaman makarantar Lahadi su sa ido. Bawan nan na Matiyu 25 bai saci kome ba, binnewa kawai ya yi, aka hukunta shi.