Girman Fuskar Laftof Ba Shi Ne Ingancinta Ba

Yawancin masu sayen laftof, musamman ta hannu, girman fuskarta suke fara tambaya: inci 14 ce ko 15.6? Alhali abin da ya kamata su fara tambaya shi ne yawan ɗigon hoton da ke fuskar, wato fiksel.

Laftof mai inci 15.6 da fiksel 1366x768 a ido kawai take da girma. Idan ma'aikaci ya raba fuskar biyu, Excel a hagu, Word a dama, kowanne faɗin fiksel 683 kacal zai samu, aiki ya takure. A mai 1920x1080 kuwa, kowane ɓangare 960 yake samu.

Tsarin 16:9 da ya cika kasuwa ya dace da kallon fim da ƙwallo a gida. Mai aikin takardu zai fi amfana da 16:10, kamar 1920x1200, domin ya fi nuna layuka da yawa lokaci guda.

Saboda haka kafin a biya kuɗi, a shiga Settings, a buɗe System, sannan Display, a ga lambar da ido. Wasu laftof ana iya ƙara musu RAM daga baya, amma sauya fuska sai an sake kashe kuɗi masu yawa.