Wace Manhaja Ta Dace Da Masu Tace Bidiyo A Bakin Iyaka?

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo tsakanin samarinmu masu ɗora bidiyo a YouTube da Facebook da TikTok, musamman 'yan ƙasar Bagudo da kewaye. Duk wanda ya shekara ɗaya ko biyu yana yanka hoto yana haɗawa da CapCut ko KineMaster a wayarsa, sai ka ji ya ce shi fa ya wuce nan, manhajar ƙwararru yake nema. Ba mu ga laifin wannan buri ba ko kaɗan. Abin da muke jan kunne a kai shi ne yadda ake zaɓen, domin yawanci suna ake bi, ba a duba halin da mai aikin yake zaune a ciki.

Bari mu fara da dalilin da ya sa maganar ta dame mu. Ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin, Kogin Kwara kuma ya ratsa ta. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana, daga Lolo kuma a nufi wajen Malanbil. A Illo da Ka'oje da kasuwannin da ke tsakani ana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da Busanci, ga kuma harshen Kyangawa wanda Hausa take ta haɗiyewa. Amma tun da aka rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, labarin da mutanen nesa suka fi ji game da bakin iyaka shi ne fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur. Manomin fadama da masunci da tsohuwar da ta san tarihin garinta ba su da mai ɗaukar muryarsu sai mu. Idan aikinmu ya fito a hargitse, ko ya ɓace tare da wayar da ta lalace, to, labarin da wasu suka ba da game da mu shi zai tsaya.

To, waɗanne manhajoji ne a kasuwa? Wadda aka fi ambata ita ce Premiere ta kamfanin Adobe. Tun 2013 kamfanin ya koma tsarin haya, yanzu kuma mai kwamfuta yana biyan sama da dala 20 kowane wata, ranar da ya kasa biya kuwa ƙofa ta rufe. Mu tuna cewa a farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Ɗalibin da kuɗinsa naira ne, ya ɗaura wa kansa bashin dala wata-wata, ai ya ɗauki dala ba gammo. Final Cut Pro ta kamfanin Apple kuwa ana iya sayenta gaba ɗaya a kan kusan dala 300, sai dai ba ta aiki a kwamfuta in ba Mac ba, wadda kaɗan ne daga cikinmu suka mallaka.

Saboda wannan tsada ne da yawa suke komawa ga kwafin sata da ake zuba wa mutum a shagon gyaran kwamfuta. Muna kira da babbar murya a guji wannan. Ban da kasancewarsa cin haƙƙin mai shi, irin wannan kwafi yakan zo da ƙwayar cutar da ke sace kalmar sirri, an kuma sha ƙwace wa mutane tashoshinsu na YouTube ta wannan hanya. Ma'aikacin sashen watsa labarai da ya zuba shi a kwamfutar ofis ya jefa takardun hukuma cikin haɗari. Kayan aro ma ba ya rufe katara, balle na sata.

A namu ra'ayi, wanda ya sami kwamfuta mai ƙarfi ya ɗauki DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya. Akwai ta kyauta bisa ƙa'ida, ba ta manna tambarinta a kan aikin da aka saba yi, kuma tun 2017 aka haɗa mata cikakken sashen gyaran sauti. Mai son ƙari yana sayen babbar a kan dala 295 sau ɗaya tak. Sharaɗinta shi ne ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 16 da na'urar hoto mai kyau. Wanda kwamfutarsa tsohuwa ce kada ya wahalar da kansa, ya ɗauki Shotcut ko Kdenlive, su ma kyauta ne, ba su da nauyi irin nata, kuma da zarar an sauke su ba sa neman intanet. Kowace daga cikin ukun tana iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi na hoton da aka ɗauka, a yi yanka a kansa, sai an gama a fitar da na ainihi. Wannan dabara tana da amfani ƙwarai ga mai aiki da batir ko janareto.

Kafin a yanke shawara, a gwada manhaja da ma'auni uku na gida. Na farko sauti: mutane sukan haƙura da hoto mai duhu, amma ba sa haƙura da muryar da iskar bakin kogi ta cinye, don haka makirufo mai kyau ya fi sabuwar manhaja gaggawa. Na biyu rubutun fassara a ƙasan hoto. Masu kallonmu na hayin iyaka da Faransanci suka yi makaranta, kuma na'urar da ke rubuta magana da kanta ba ta san Dandanci ko Busanci ba, dole a zauna a buga da hannu. A duba ko manhajar tana sauƙaƙa wannan, ko kuma tana nuna ɓ da ɗ da ƙ daidai. Na uku mallaka: a watan Janairu na 2025 CapCut ta ɗauke na ɗan lokaci a Amurka saboda dokar da ta shafi kamfanin ByteDance. Wanda ya ajiye aikinsa duka a rumbun kamfani ya ga darasi. A ajiye hoton asali a faifan ajiya biyu, a wurare daban.

Masu cewa CapCut ta wadatar suna da gaskiya in gajeren bidiyo na minti ɗaya ake nufi, ba mu ce a zubar da ita ba. Amma hirar sa'a guda da dattijo a Illo, mai harshe biyu da fassara biyu, ta fi ƙarfin allon waya. Tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shawararmu ita ce ɗaliban yankin da ke Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato su haɗa kuɗi su sayi kwamfuta ɗaya mai ƙarfi da farantin sola, su tsara lokacin kowa, su tsaya a kan manhaja ɗaya har su iya ta, kowane wanda ya iya kuma ya koya wa na bayansa kafin ya bar makaranta.